Muryar Inna a Kwamfutar Ofis

Ranar da Balarabe ya koma aiki bayan rasuwar mahaifiyarsa, tun safe idonsa ke kan kwamfutar ofis, amma bai kusance ta ba. Ya zauna a kujerarsa yana ta amsa ta'aziyya, wannan ya shigo ya ce Allah ya jiƙan Inna, wancan ya ce ya ƙarin haƙuri. Bakinsa na cewa amin, zuciyarsa kuwa tana can kusurwa, inda aka lulluɓe injin da tsohuwar atamfa saboda yoyon damina. Jira yake a kira Azahar, Turai mai buga takardu ta tafi gida cin abinci, sauran su nufi masallaci, ya ce musu yana tafe.

Malamin dabbobi ne, ya fi shekara goma yana yi wa shanu allura tsakanin Tudun Wada da Doguwa. A ruga aka haife shi, can bayan dajin Falgore, kuma shi ne ɗan fari. Duk wanda ya zauna da Fulanin wajen ya san abin da hakan ke nufi. Inna ba ta taɓa kama sunansa ba, ba ta taɓa zama ta yi hira da shi ba. In abinci ne, sai ta ce wa ƙanwarsa Furera a miƙa wa wancan. In zazzaɓi ya kama shi, kakarsa ke jinya, Inna kuwa tana bakin bukka tana ta kankare ƙwaryar da ta riga ta fita tas. Bai taɓa ganin laifinta ba, don haka aka yi wa babansa, haka ake yi wa kowa. Amma ya tashi da ƙishirwar ta yi masa magana, kuma gemu da ya fito bai kashe ta ba.

Abu ɗaya ya samu. A shekarar tamanin da takwas, da aka tura shi kwas garin Vom, Furera ta aro rakoda ta ɗauko masa gaisuwar mutanen gida a kaset, yadda marasa rubutu ke aika saƙo a lokacin. Kowa ya yi magana, har da maƙwabtan da ba a tambaye su ba. Wajen ƙarshe ana jin Inna daga gefe tana tatsa, tana rera waƙar da take yi wa saniyarta in ta riƙe nono. Daga baya ta ce da Fillanci, kuma wai da Furera take: a gaya wa wancan ya riƙa rufe ƙirjinsa, an ce garin da sanyi. Shi ke nan. A duk rayuwarsa, maganarta da ta fi kusa da zama tasa ke nan, ya kuwa adana kaset ɗin shekara goma a ƙasan akwati.

Bara ne wani shirin rigakafin shanu ya kawo musu kwamfuta. Labaran, abokinsa tun sakandare, wanda ke gyaran na'urori a Kano, shi ya zo ya harhaɗa ta, ya zuba mata Linux. Ya ce manhaja ce da ba ta da mai ita, mutane ne daga ƙasashe daban-daban suka taru suka gina, kowa ya ɗauka kyauta. In Labaran ya fara yabonta sai ka rantse sabuwar amarya ya yi. Turai ta matsa masa ya nuna mata yadda ake jona waya daga rakoda a kwafe waƙa, ya nuna. Balarabe ya tsaya a baya kamar abin bai dame shi ba, alhali ko motsin yatsa ɗaya bai wuce shi ba. Kaset ɗinsa ya fara ja, muryar Inna ta fara rawa a wasu wuraren, kuma abin yana hana shi sukuni.

Wata ranar kasuwa da ofis ya zama wayam, ya kwafe minti huɗun ƙarshe. Sai maganar inda zai ajiye. Duk ofis da suna ɗaya ake shiga injin, abin da ka ajiye Turai za ta gani, in kuwa Turai ta gani to Tudun Wada ta gani. Ƙato da shi, ɗan fari, Bafillatani, a ce an kama shi ya ɓoye muryar uwarsa yana saurare? Ina zai sa kansa? Ya yi ta kutsawa cikin lungunan injin har ya faɗa wani wuri da babu mai leƙawa, cike da tarkacen da bai gane kansu ba. Nan ya cusa ta, ya rufe, yana jin daɗin wayonsa.

Bayan wata biyu Furera ta shigo gari tana neman kaset, za ta aika wa mijinta Audu saƙo, ya tafi da shanu Mambila. A ruga ba a ajiye kaset don tarihi. A ji saƙo, a ɗora amsa a kai, a mayar. Balarabe ya buɗe akwati ya ba ta nasa, har da yi mata bayani da ƙafafa cewa yanzu komai yana cikin injin da ba ya tsufa, ba ya mantuwa. Furera ta ce to, Hamma, wato Yaya, ta ƙulle a bakin zane. Tun daga nan duk bayan kwana biyu ko uku, in ofis ya watse, yakan rage sauti ya saurari minti huɗunsa, sannan ya tashi ya yi alwala.

Yau ma da aka kira salla, ya jira takun na ƙarshe ya yi nisa, ya yaye atamfar, ya kunna. Ya rubuta umarnin da ya haddace, ya matso da kujera. Shiru.

Bai tsorata ba tukuna. Injin yana da wannan halin, kullum ya tashi sai ya tashi da sautinsa a kashe, sai an je an ɗaga. Ya je ya ɗaga har ƙarshe, ya sake gwadawa, shiru. Ya durƙusa ya bi wayar lasifika da yatsa ko ɓera ya yi aikinsa, ya same ta lafiya. Ya zare ta daga wannan rami ya mayar wancan, ya dawo da ita. Don ya raba gardama, ya taɓa ɗaya daga cikin waƙoƙin Turai. Ai kuwa kalangu ya ɓarke a ofis kamar gidan biki, mutum yana cikin makoki. Ya kashe da sauri. Lasifika ƙalau take ke nan. Sai a lokacin ya tsaya ya karanta ɗan layin Turancin da injin ke ta maimaita masa tun ɗazu, wanda bai kula ba: babu fayil mai wannan suna.

Ya buɗe lungun nasa. Tarkacen da ya saba gani ma sun ragu, nata kuwa babu. Ya duba sau uku, ya kashe injin ya sake kunnawa, kamar wanda ya yar da allura yake komawa wuri ɗaya. Ranar sai da aka idar da salla ya isa masallaci.

Da yamma ya rubuta wa Labaran takarda ya ba direban motar Kano. Washegari amsa ta dawo a bayan takardar tasa, layi biyu: a zare wayar wuta, kada kowa ya ƙara buga ko wasali ɗaya, yana zuwa Asabar. Turai ta yi ta mita, ga rahoton wata bai kammala ba, wace irin takarda ce ta ɓata da za a tsayar da aikin gwamnati? Ya ce mata wata ajiya ce tasa. Kwana huɗun nan bai san me ya ci ba. A kan babur, a hanyar ruga, yakan gwada rera waƙar a ransa, sai ya tarar kalmomin suna nan amma muryar ba ta zuwa. Abin da ya fi ba shi tsoro ke nan, kwana ashirin kacal da binne ta.

Labaran ya iso Asabar da hantsi, wandonsa duk taɓo, motarsu ta lalace a Kwanar Dangora sai acaɓa ya hau. Ya yi ta'aziyya, ya sha ruwa, sannan ya tambaya me ya ɓata. Balarabe ya yi ta kewaye-kewaye, wata ɗauka ce, ta mutanen gida, tsohuwa. Labaran ya dube shi, ya gane, bai ƙara tambaya ba. Ya ce a nuna masa inda aka ajiye. Da ya ga wurin sai ya cire hula ya ajiye a kan tebur.

"Mutumina, nan ka sa ta? Wannan ai zaure ne, ba ɗaki ba. Wurin ajiyar wucin gadi ne. Duk abin da ya kwana goma a nan ba a taɓa shi ba, injin da kansa yake sharewa."

"Shekara guda tana nan," in ji Balarabe.

"Don kana zuwa ne. Duk ranar da ka kunna ta, sai ya sake ƙirga daga farko."

Balarabe ya ƙirga a ransa. Kwana goma sha shida ya yi a ruga yana jinya, in ma za a kira zaman da ya yi a bayan bukka jinya, don Furera ce a ciki, shi aikinsa kawo magani da tambaya daga waje. Wato tun Inna tana da rai aka share muryar, a wata ranar da Turai ta kunna injin tana aikinta, shi yana can zaune a kan turmi. Babu wanda ya yi masa mugunta. Kunyarsa ce ta kai ta wurin, kuma da hannunsa ya miƙa kaset. Ya rasa wanda zai ji haushi.

Labaran ya ce kada ya yanke ƙauna tukuna. Sharar injin ba ƙonawa ba ce, suna kawai yake cirewa, ya ce wurin fili ne, duk abin da aka rubuta daga baya sai ya zauna a kai. Tambayar ita ce me aka rubuta. Balarabe ya san amsa. Mako uku Turai ta yi tana buga jerin shanun da aka yi wa allura, daga Yako har Doguwa, garke bayan garke, ga sababbin waƙoƙi uku da ta ƙara.

Labaran ya zaro wani ɗan faifai daga jakarsa ya tayar da injin da shi, ya duƙufa. Baƙaƙe da lambobi suka yi ta gudu a fuskar kwamfutar. Hadari ya haɗu, aka ɗauke wuta, suka tayar da janareto. Ya tono guntu na farko ya kunna, sai shuuu kamar ruwa a kan kwano. Na biyu ya buɗe, sai ga sunayen ardo-ardo da adadin maruƙa. Na uku haka, na huɗu haka. Suka yi Azahar suka dawo. Balarabe ya daina kallon injin, ya koma kallon bayan wuyan Labaran, yana ƙoƙarin karanta labari a can.

Gab da La'asar lasifikar ta yi tari, sai ga kukan ɗan maraƙi. Balarabe ya miƙe tsaye bai sani ba. Wutsiyar waƙar ce, gaɓa biyu ko uku, muryar Inna siririya, nono na zuba tsirr tsirr a ƙwarya. Sai muryar Furera kusa, tana dariya: Inna, ga shi, yi masa magana mana. Sai shiru. Can sai shuuu, har ƙarshe.

Labaran ya nemi abin da ya biyo baya ta kowace hanya da ya sani. Daga bisani ya jingina da kujera ya girgiza kai. Sauran waƙar ta tafi, maganar ƙirji ta tafi, jerin shanu ya kwanta a kansu.

"Daƙiƙa goma sha tara muka samu," ya ce a hankali. "Kuma fiye da rabi shiru ne. Bari in sake sa maka."

Sau ɗari nawa Balarabe ya ji wurin nan, bai taɓa saurarensa ba. Kullum ɗokin maganar da ke gaba yake, shirun kuwa jira ne kawai a wajensa. Yanzu da babu abin jira, sai ya ji abin da ke ciki. Da Furera ta yi magana, zubar nonon ta tsaya cak. Inna ta saki hantsar ke nan. Awarwaronta ya yi ƙara sau ɗaya, kamar ta kai hannu fuska. Ta ja numfashi, ta riƙe, ta sake shi ba ta ce komai ba. Ta ƙara ja. Ana ma jin ɗan motsin leɓe, na wanda ya buɗe baki zai kira wani ya fasa. Ashe ta so. Tana tsugune a gindin saniya, rakoda a bakinta, ɗanta yana can garin sanyi, ta yi kokawa da kanta har daƙiƙa goma sha ɗaya.

Hawaye suka zubo masa, bai share ba, ya ma manta da akwai mutum a ɗakin.

Labaran ya gyara murya yana kallon madannai. Ya ce zai iya yanke shirun da shuuu ɗin ya bar masa guntun waƙar tsaf, ya fi daɗin ji.

"Kada ka yanke," in ji Balarabe. "Bar shi yadda yake. Sake kunnawa."

Labaran ya kunna, ya tashi ya koma bakin ƙofa ya ba shi baya, yana kallon ruwan da ya fara sauka a kan baburan ofis. Balarabe ya jawo kujera, ya kai kunnensa jikin lasifikar, ya jira wurin da za ta ja numfashi.