Ƙwayar da Asabe Ke Zubawa a Koko

Malam Shitu na Dangora, taurin kansa ba wanda bai sani ba. Bara da ƙafarsa ta kumbura, likita ya ce jini ne ya daskare a jijiya, ya ba shi ƙwayar tsinka jini, ya ce ya riƙa zuwa gwaji. Malam ya sha kwana uku, ya ce ya warke, ya wurga kwalin bayan rumbu.

Matarsa Asabe ce ta tsince. Kullum da safe sai ta murƙushe ɗaya da bayan cokali ta zuba masa a koko. In kwalin ya ƙare, ta sa a sayo mata wani a ɓoye. Ran da ya tafi gona bai sha ba, washegari ta saka biyu. Ko 'yarta ba ta gaya wa ba, don a garin nan in aka ji mace na zuba wa miji wani abu a abinci, sunansa barbaɗe, ko da zuma ce.

Da aka gama girbin masara, Malam ya kira Umaru wanzami ya yi masa ƙaho a baya, kamar kowace shekara. Asabe ta zo har bakin zaure za ta yi magana, ta ga wansa, Yaya Habu, zaune a tabarma. Ta koma ta ci gaba da tankaɗe.

Aka cire ƙaho, jini ya ƙi tsayawa. Umaru ya danna auduga, ya barbaɗa magani, a banza. Zani biyu suka jiƙe sharkaf kafin a samo mota zuwa asibiti.

Likitar, wata yarinya Bushira, ta ce, "Baba yana shan wani magani?"

Yaya Habu ya ce, "Wannan? Ko na ciwon kai ba ya sha. Ki tambayi matarsa."

Asabe ta sunkuyar da kai. Ana ɗaure wa Malam bayansa da bandeji yana jiƙewa, har kusan awa guda. Malam ya daina amsa sannu, leɓensa ya yi fari. Likita ta buɗe bakinsa, ta ga dasashinsa ma na jini, ta juyo.

"Mama, ke kike ba shi abinci. Don Allah ki tuna."

Sai Asabe ta kwance haɓar zani, ta miƙa kwalin. "A koko nake sa masa."

"La'ilaha illallahu! Barbaɗe, Asabe? Da tsufanki?" in ji Yaya Habu.

Likita ko kallonsa ba ta yi ba. Ta yi wa Malam allurar da ke karya ƙarfin ƙwayar, ta sa aka ƙara masa jini leda biyu, ɗaya ma jinin Umaru wanzami ne. Da za ta wuce ta ce a hankali, "Mama, da tun isowarku kika faɗa, da bai kai haka ba."

Malam ya rayu, amma har yau ba ya iya ɗaga fartanya. Bai yi mata faɗa ba. Yanzu da kansa yake haɗiyar ƙwayar da ruwan randa, a gabanta. Ita kuma tana nan tana dama koko kamar da, ta ajiye masa a gefen tabarma. Da hantsi ta zo ta ɗauke kwanon, ko murfin ba a buɗe ba.