Bukkar Dija

A shekarar fari ta tamanin da huɗu, takarkarin Dija ya durƙusa a bakin hanyar Gazawa, bai sake tashi ba. Shi ke ɗaukar mata bukka in za a yi ƙaura: sandunan da ake lanƙwasawa, da asabaran gamba da ake rufawa a kai.

"Bar kayan ga," in ji mijinta Dikko. "Wa za shi ɗauka?"

Dija ta kwance kayan daga bayan takarkarin. Ta naɗa gammo, ta ɗora bukkar a ka.

A rugarsu shanu na namiji ne, ɗaki kuwa na mace. Ita ke kafawa, ita ke kwancewa, kuma in miji ya ɓata mata rai sai ya je ya kwana wurin shanunsa. Dikko ya san wannan sarai, don ya sha kwana can. Kakar Dija fatun awaki take rufawa, irin na Buzaye, lokacin suna arewa. Da suka gangaro ƙasar manoma aka koma ciyawa. Waɗannan asabaran ita da uwarta suka saƙa su kafin aurenta, uwar kuwa ta rasu tuni.

Daga garken nan duka saniya ɗaya ta rage, Wule, ɗan nonon da take tsattsafowa shi ke riƙe da ran 'yarsu Binta. Ƙasa ta zama fayau, ko tsinke babu. Wata safiya Dija ta tarar da Wule tana fizgar gefen bukkar tana taunawa. Ta ɗauki sanda ta jibge ta, sannan ta zauna ta yi kuka, don ta san saniyar ce ke da gaskiya. Da hannunta ta warware asabari ɗaya, ta jiƙa da ruwan kanwa, ta ajiye mata.

Haka aka yi ta tafiya. Kowane zango kayan kanta na raguwa, bukkar na ƙanƙancewa, har ya zama sai da rarrafe ake shiga. Ta gaji, gajiyar da barci ba ya magani.

Sun iso Agiye da asabari ɗaya. A bayan gari an tara waɗanda fari ya koro, ana raba jar dawa da tantunan tamfol. Maza ake kira, su ake miƙa wa. Wa zai gaya wa mutanen buro, ma'aikatan da ke rabon, cewa ɗaki ba na namiji ba ne? Dikko, wanda bai taɓa kafa ko turken bukka ba, ya yi ta fama da igiyoyi har tantin ya tsaya a karkace.

Wule ta cinye asabarin ƙarshe a ranar. Itace kuwa babu a kusa, mutane sun tsince kaf, ga Binta na kukan yunwa. Dija ta karya sandunan a gwiwa ɗaya bayan ɗaya, ta hura wuta, ta dafa dawar.

Ta ɗauko ƙwaryar abincin ta nufi tantin. Tamfol ɗin na wari, ga zafi. A bakin ƙofa ƙafarta ta ƙi gaba.

"Salamu alaikum," ta ce a hankali.

Dikko ya leƙo. "Dija, mi ne haka? Shigo mana."

"Sai ka ba ni izini," in ji ta. "Ɗakinka ne."