Kafin a Yanke Gero

Mu'azu bakanike ya ɗaure sarƙar babur ɗin, ya juya tayar baya da hannu yana sauraron ƙararta, sannan ya ɗago ya tambayi Mujahid ko da gaske tsoho zai goya har Goronyo. Mujahid ya ce da gaske ne. Shi ya sa ma ya kawo a ƙara soso a kujera, a kuma ɗaura ƙarfen jingina, don bayan tsoho ba zai jure gargada ba.

Mujahid malamin sakandare ne a Wurno, hutun makaranta kuma ya kusa ƙarewa. Babur ɗin sabo ne, ko ledar jikin tankin bai gama ɓarewa ba. Tun da ya saye shi yake tsara tafiyar nan a ransa, har ya haddace ta. Gobe da sassafe su tashi, su bi gefen fadama inda shinkafa ta yi kore shar, su isa madatsar ruwan Goronyo kafin rana ta yi zafi, su kwana gidan yayarsa Hassana a cikin gari. Washegari su leƙa Kagara wurin wani tsohon abokin mahaifinsa. Daga nan su juyo ta Rabah, su sauka Maikujera inda aka haifi tsohon, ya ga tudun da ya yi kiwo yana yaro, su dawo gida.

Ba don kansa ya tsara ba. Mahaifinsa, Malam Manu, yana cikin leburorin da suka yi aikin ginin madatsar tun yana saurayi, kuma ya daɗe rabonsa da wurin. A farkon damina likitan ido a Sakkwato ya ce tsohon hawan jinin ido gare shi. Na hagu ya riga ya tafi. Na dama kuma ganinsa yana ta matsewa, kamar mai leƙe ta kafar ƙofa. Maganin ɗigawa zai rage wa ciwon gudu, amma abin da ya tafi ba zai dawo ba. A mota, kan hanyarsu ta komowa, bayan sun wuce Achida, tsohon ya ce shi dai da zai ƙara ganin ruwan Goronyo a cike, da ya gode wa Allah. Bai sake maimaitawa ba. Mujahid ne bai manta ba.

Mu'azu ya goge hannu da tsumma, ya ce aiki ya yi, mashin zai kai su ko'ina. Sai kuma ya rage murya.

"Malam, ka ciccire ledag ga duka. In da hali ka shafa mai laka. Mutanen daji sabon mashin suka so, sun fi son shi da mai shi."

Mujahid ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Amma kafin ya bar wurin sai da ya tsuguna ya ɓare ledar tas.

Daga nan tasha ya nufa. Akwai wani direba da ake kira Yari, mai jigilar 'yan kasuwa tsakanin Wurno da Goronyo, wanda ɗansa ɗalibin Mujahid ne. Ya same shi a inuwar rumfa yana cin gyaɗa. Bayan sun gaisa, Mujahid ya zayyana masa tafiyar tun daga farko har ƙarshe. Yari ya saurara bai katse shi ba, sannan ya fara rage masa ita gaɓa-gaɓa. Kagara, a cewarsa, a cire ta daga lissafi, ko shi da ke da dangi can ya daina zuwa. Hanyar Maikujera yau lafiya, gobe Allah kaɗai ya sani. Babbar hanyar Goronyo kuwa ana bi, musamman gobe da kasuwa ke ci, amma motoci a jere suke tafiya, bayan jami'an tsaro sun wuce, kuma kowa na ƙoƙarin ya juyo kafin la'asar. Matsalar, in ji Yari, gero ne. Bana ya yi kyau, ya fi mutum tsawo, ya rufe hanya dama da hagu. Mutum ashirin za su tsaya a ciki ba ka gan su ba sai ka zo daf da su.

Suna cikin maganar wata mota ta shigo tashar da gudu, mutane suka yi caa a kanta. Aka fito da wani ɗan kabu-kabu, ba takalmi a ƙafarsa, riga a yage, ƙaya ta kakkarce masa hannuwa. Mujahid ya san shi da gani, yana yawan tsayawa a ƙofar makarantarsu. Aka zaunar da shi a benci aka ba shi ruwa. Da ƙyar ya iya bayani. A wata ƙaramar hanya da ta ratsa gonaki, can wajen Goronyo, aka tare shi da hantsi. Sun karɓe mashin, sun shige da fasinjojinsa biyu. Shi ya faɗa cikin gero ya yi ta gudu har ya ɓulla bakin kwalta.

Wani ya tambaya ko su waye fasinjojin. Ya ce mace ce da wani dattijo.

Mujahid ya waiwaya. Ya dubi babur ɗinsa da ke walƙiya a rana, da sabon ƙarfen jinginan da aka ɗaura don mahaifinsa. Yari ya dafa kafaɗarsa ya ce waccan hanyar gona ce, ba babbar hanya ba, ba ɗaya suke ba. Amma ya faɗa ne yana kallon ƙasa.

Kafin azahar labari ya gama gari. Mujahid na fitowa daga masallaci wayarsa ta yi ƙara. Wansa Lawwali ne, ya ce ya same shi a shago yanzu.

Lawwali tafarnuwa da albasa yake saye yana turawa kudu, kuma shi ne babba a gidan tun da ƙarfin tsohon ya ja baya. Bai bari ma Mujahid ya zauna ba. Ya ce tun farko shi bai so wannan yawon ba, ya yi shiru ne don ya ga ran Baba na so. Yanzu kuwa magana ta ƙare. A bari sai an yanke gero, hanya ta buɗe, mutum na hango abin da ke gabansa. In ruwa ake son gani, ga waya nan, Hassana ta ɗauko hoto ta turo.

Mujahid ya ce hoton waya tsohon ba ya iya gani, an gwada. Ya tuna masa abin da likita ya faɗa, cewa ba wanda zai iya yin alkawarin idon zai kai kaka. Kuma in makaranta ta koma, shi ba shi da sauran sarari.

Lawwali ya ture buhun da ke gabansa, ya dube shi ido cikin ido.

"Kai in an tare ku, kana iya gudu. Shi fa? Mutumin da ba ya ganin inda zai aza ƙafa. Ka san tafiyar da suka sa mutane cikin daji, kuma ka san mi suka yi ma wanda ya kasa. Gara in riƙa ja mai sanda cikin gida da in tai neman gawarshi."

Mujahid ya tsaya yana jujjuya makullin babur a hannu. Abin da ya fi damunsa shi ne babu ko kalma ɗaya a maganar wansa da zai ce ƙarya ce.

A gida ya tarar da matarsa Mashkura zaune a bakin murhu. Tun safe take haɗa musu guzuri, dambun nama da dakuwa, har ƙamshi ya cika tsakar gida. Yanzu wutar ta mutu, ba ta sake hurawa ba. Matan maƙwabta sun riga sun kawo mata labarin tasha. Ba ta ce kada ya je ba. Ta dai ce tun da ya fara zancen tafiyar nan ba ta yi barcin kirki ba, kuma in ya tafi, duk ƙarar waya sai gabanta ya faɗi. Sannan ta ce ta san abin da Baba yake a wurinsa, don haka duk abin da ya yanke ba za ta riƙe shi a rai ba. Wannan ya fi masa nauyi fiye da a ce ta yi kuka.

Ya shiga ɗaki ya kira Hassana. Layin na yankewa yana dawowa. Abin da ya iya tsinta shi ne cikin gari lafiya lau, ruwa ya cika har ana maganar buɗe ƙofofin madatsa, ta share wa Baba ɗaki ta sayi kaji. Ya tambaye ta labarin waɗanda aka ɗauke da hantsi. Ta ce ta ji, matar ma 'yar unguwarsu ce. Daga nan layin ya ɗauke gaba ɗaya.

Ya kwanta rigingine yana kallon rufi. Ya riƙa ganin hanyar a ransa kamar yadda ya saba: fadama, garken shanu a bakin gulbi, tsohon a bayansa yana nuna masa wurare. Sai dai yau duk inda ya kai, gero na motsi. Da aka kira la'asar ya riga ya yanke shawara. Lawwali ke da gaskiya. Za a ɗaga.

Bayan salla ya wuce sashen mahaifinsa yana shirya kalmomin da zai fara da su. Malam Manu na zaune kan tabarma a ƙofar ɗakinsa, ya jingina da bango. A gefensa ga babbar rigarsa ta zuwa Juma'a a ninke, hula a kai, da 'yar kwalbar maganin ido. Mujahid ya durƙusa ya gaishe shi. Kafin ya buɗe baki tsohon ya riga shi.

"Na ji abin da yaf faru. A bar tafiyag ga, Mujahid, sai an yanke gero. Ruwa ba ya zuwa ko'ina. Ni ma kwanan nan idon ya yi sauƙi, maganin na aiki."

Wani nauyi ya sauka daga ƙirjin Mujahid, har ya ji kunyar yadda ya ji daɗi. Ya ce to Baba, Allah ya kai mu. Ya gyara zama, suka shiga hira.

Tsohon ya saki jiki sosai. Ya ba shi labarin yadda suka kwana a bukkoki lokacin aikin madatsar, da yadda manyan motoci ke juye ƙasa dare da rana har mutum ya daina jin ƙararsu. Ya ce ranar da ruwa ya fara taruwa, mutanen ƙauyuka suka zo suka tsaya a kan ganuwar suna kallo, wata tsohuwa ta riƙa tambaya ina ɗaya gaɓar take. Ya ce da safe, in rana ta faɗo kan ruwan, sai ka sa hannu ka kare fuska. Ga masunta cikin jirage kamar an yayyafa su, ga fararen tsuntsaye suna tashi gaba ɗaya. Yana faɗa yana zana faɗin ruwan da hannu a iska, fuskarsa a sake. Mujahid ya daɗe bai ji shi ya yi magana mai tsawo haka ba.

Can tsohon ya tsagaita, ya ɗan juya kai dama da hagu.

"Hira ta ɗauke mu har duhu ya yi. Kunna muna fitila, ka tai ka yi alwala kada magariba ta wuce ka."

Mujahid ya ɗaga kai. Rana na nan a saman katangar yamma, jawur, ta haske rabin tsakar gidan. Kaji na ta kiwonsu a gindin turmi. Inuwar tsohon ma ga ta nan a jikin bango.

Mujahid ya tashi ya shiga ɗakin, ya ɗauko fitilar caji, ya kunna, ya ajiye a gefen tabarma. Haskenta ko alama bai yi ba a cikin na rana. Malam Manu ya juyo wajen da take, ya ce yawwa, Allah ya yi albarka.

A zaure Mujahid ya tsaya kusa da babur ɗin. Ya ciro waya ya danna lamba. Yari ya ɗauka, hayaniyar tasha na tashi a bayansa. Mujahid ya ce ya bar Kagara, ya bar Maikujera. Goronyo kawai, su je su kwana, su biyo motocin safe su dawo. Ya tambaye shi yaushe jerin farko ke tashi gobe, kuma ko za a bar mashin ya shiga tsakiyar motoci.

Yari ya ce da an ga gari ya waye sosai, kuma wuri ba zai gagara ba. Sannan ya tambaye shi.

"Malam, ka tabbata?"

"Ban tabbata ba," in ji Mujahid. "Ku dai jira mu."