Baturen da ke Bompai

Irmiya ne mai kula da kwamfutocin wani kamfanin alewa a Sharada. A daminar 2006 babbar kwamfutar da ke riƙe da fayilolin kamfanin ta tsiro da wani hali: sai ana tsakiyar aiki ta ƙame, ta rubuto cewa memori, wato wurin da take riƙe bayanai yayin aiki, bai ishe ta ba. Idan ya duba kuma, sai ya tarar kusan rabinsa babu komai a ciki.

Ya sha wuya kafin ya gano dalili. Tsarin ajiyar fayil ɗin, wanda 'yan sa-kai suke rubutawa kowa ya ɗauka kyauta, yana neman wuri guda babba a jere daga kanel, zuciyar manhajar da ke rabon memori. Shi kuwa wurin da ya rage gutsi-gutsi ne, nan kaɗan can kaɗan. Irmiya ya rubuta gyaransa, ya aika dandalin masu manhajar ta imel, ya saka sabuwar riga washegari.

Wanda ya amsa masa yana sa hannu da S. H. kawai. Ya yaba ƙoƙarin, sannan ya ce gyaran zai sa na'urar ta yi ta roƙon abin da babu har ta gaji, gara a karɓi ƙananan gutsattsarin a haɗa su. Irmiya ya yanke cewa Bajamushe ne, domin a ganinsa su ne ba sa kwana-kwana. Ya shiga haɗo Turanci mai nauyi da ƙamus a gefe, kowace amsa da ranka ya daɗe a sama. A wajen mai shayi kuwa ya ishi Daniel, abokinsa na sashen injina, da labarin yadda suke kai ruwa rana da Baturensa.

Ana nan, wata Laraba aka ɗauke wuta suna tsakiyar musayar saƙo. Da janareto ya tashi, sai ga saƙo ya shigo da Hausa.

"Malam Irmiya, na lura duk lokacin da wutarmu ta tafi kai ma sai ka yi shiru. Wai a Kano kake?"

Sunanta Safiyatu Haruna, tana kula da kwamfutocin wani kamfanin robobi a Bompai, nan cikin Kano. Irmiya ya daɗe yana kallon allon, yana tuno jimlolin da ya ɓata yini yana gogewa. Sai da ya sha ruwa sannan ya amsa mata da e.

Ranar Asabar ta zo Sharada a motar kamfaninsu, domin tata na'urar ba ta taɓa yin wannan cutar ba, tana son ta gani da idonta. Suka sake rubuta gyaran tare. Gwajin farko ya kashe na'urar ɗungurungum, kowa ya ce laifin layin da ɗan'uwansa ya rubuta ne. Na biyu ya zauna lafiya.

Daniel ya leƙo ofishin da sunan neman sukurdireba, aka gabatar masa da ita. Ya gaishe ta da ladabi, ya tambaye ta ya hanya, ya mutanen Jamus. Safiyatu ta ce suna lafiya, sai dai cunkoson Ƙofar Nasarawa.

Da yamma suka tura gyaran da sunayensu biyu. Masu dandalin suka karɓa bayan sun sa an gajarta bayanin da Irmiya ya rubuta a kansa.