Kwana Uku Babu Ƙafa a Lungun Inabi

Tun safiyar da wata yarinya ta kafa kujera a bakin lungu da littafi a cinya, Tursunali ya daina jin daɗin shayinsa. Shi ne dattijon unguwar, a tsohon garin Tashkent, kuma ya san abin da littafi ke haifarwa. Yana saurayi aka ƙirga mutanen unguwar mahaifinsa, shekara na zagayowa aka rushe ta, aka jera su a benaye inda maƙwabci bai san sunan maƙwabci ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Sunanta Dilrabo, daga ofishin tsara birni. Duk wanda ya gifta sai ta ja layi a littafin, 'yan makaranta, masallata, matan da ke ɗauko gurasa a tanderun Holmat. In rushewa ta zo, Tursunali bai damu da katangarsa ba kamar yadda ya damu da inabin da marigayiya matarsa ta dasa a gindinta, wanda ya haye ya rufe lungun da inuwa.

Ya kira ta shan shayi, don ba a barin baƙo a ƙofa ko maƙiyi ne. A al'adarsu, wanda ake so kaɗan-kaɗan ake zuba masa don ya daɗe. Ita kuwa ya cika mata kofi har baki.

"Baba, gobe zan fara ƙidayar sosai, kwana uku," ta ce. "In aka ga kuna da yawa..."

"Sai a ce mun cunkushe, a rage mu. Na sani."

"Ba haka ba ne, Baba."

"Haka suka ce wa mahaifina. Sha, 'yata, kada ya huce."

Ta dubi kofin, ta gane, ta sha ta miƙe.

Gidajen unguwar duk suna da 'yan ƙofofi daga tsakar gida zuwa tsakar gida, inda mata ke miƙa abinci ranar biki. Tursunali ya ba da umarni kowa ya bi ta nan, kada mai littafi ta ga ƙafar kowa.

"Ni da tumbin nan zan bi ƙofar mata?" in ji Holmat mai gurasa.

"Riƙe numfashi. Gurasar mutane ce ta tara shi."

Kwana uku gurasa na tsallake katanga, yara na ratsa gidaje zuwa makaranta. Dilrabo ta ƙwanƙwasa ƙofa huɗu, ba wanda ya amsa. Tursunali yana leƙenta ta tsagar ƙofa, yana jin daɗi har cikin ransa.

Bayan wata biyu ta dawo, wani mutum na biye da ita da gwangwanin jan fentin da ake yi wa katangar da za a rushe alama.

"Baba, cikin lungu biyu ɗaya za a rushe a yi titin mota," ta ce. "Shekara biyu ina gardama cewa unguwar da ake zuwa makaranta da tanderu da masallaci a ƙafa ba a taɓa ta. Suka ce in kawo adadi. Wancan lungun, mutum dubu da ɗari biyu a yini. Naku goma sha ɗaya, shida ma baƙi ne da suka ɓata hanya. Na rantse musu na ga jama'a da idona, suka ce ido ba takarda ba ne. Naku aka zaɓa."

Kunya da baƙin ciki suka rufe Tursunali. Ya shiga gida ya fito da butar shayi, ya zuba mata ɗan kaɗan a gindin kofi.

"Zauna, 'yata, ki sake ƙirgawa. Yanzu zan fito da kowa."

"An riga an sa hannu, Baba."

Mai fenti ya tsoma buroshi, ya dubi inda tsohon yake tsaye a gindin inabin.

"Baba, ɗan matsa," ya ce.