Shaidar Auren Auta

Shekara arba'in na yi ina buɗe cikin agogon mutane, na ga dauɗa iri-iri, amma ban taɓa yin aikin da ya tayar mini da zuciya kamar haɗa takardun 'yata Auta ba.

Auta ce ƙarama a cikin 'ya'yana. Shekararta huɗu da auren Dogo, yaron kirki, mai tsawo da ƙarancin magana. Wata takwas da auren ya sami aikin tuƙin bas a wata ƙasa mai nisa. Ya tafi, ita kuma ta dawo ɗakinta na dā a bayan shagona tana jira. Sau ɗaya ya zo hutu. A bana ne ya cika sharuɗɗan ƙasar, aka ce yana iya ɗaukar matarsa, muddin ta sami biza irin ta matar aure.

Jerin abin da ake so ya zo ta waya. Auta ta karanta mini, don ni karatuna bai wuce sunana da lambobin fuskar agogo ba. Takardar aure da fassararta. Takardun albashinsa na wata shida. Wasiƙar mai gidan da yake haya, har da yawan ɗakuna. Jarrabawar harshen ƙasar, wadda ta ci a zama na biyu. Gwajin ƙirji a asibitin da su suka zaɓa. Kuma kowace takarda da kwanakinta kamar madara, kana neman wannan waccan tana lalacewa. Ta ƙirjin saura mata kwana tara. In ta mutu, sai sabon layi na wata biyu, kafin nan ta albashin ta mutu, a koma farko.

Abu na ƙarshe a jerin shi ne shaidar cewa auren na gaskiya ne.

Na ce, "Na gaskiya kamar yaya? Ba ga takardar aure ba?"

"Sun ce takarda kowa na iya yi, Baba. Hotuna suke so, da hirarmu ni da shi."

Hotonsu tare guda biyu ne kacal, duk na ranar aure. A ɗaya ma mai hoton ya yanke wa Dogo kai daga goshi, don tsawonsa ya fi ƙarfin kyamarar. Hira kuwa suna yi kullum, sai dai ba a rubuce ba. Dogo yini yake hannunsa a kan sitiyari, in ya sami hutu sai ya danna waya ya yi magana, ita ma ta mayar masa da murya. Da Auta ta kai aka buga hirar a takarda, shafi arba'in suka fito, babu kalma ko ɗaya. Layuka ne kawai masu ƙaya-ƙaya, da minti a gefensu.

Ƙanwata, wadda yara ke kira Gwaggo, ita ta ce ta san mai gyara irin wannan. Sunansa a bakin mutane Ba-matsala, don ko gidanka ke ci da wuta abin da zai fara ce maka ke nan.

Ofishinsa na saman wani shagon taya. Matakalar zarni take yi, sai da na toshe hanci da hula kafin mu kai sama. A ciki fanka na juyawa da fiffike biyu, kwanon abincin jiya na zaune a kan fayil ɗin wani bawan Allah, man abincin ya huda har shafi na uku. Shi kuma yana kishingiɗe yana sakace haƙori da gefen ƙaramin hoton fasfo na wata mata.

Ya ɗaga shafukan Auta da wannan hannun nasa, ya yi dariya.

"Ƙanwata, wannan soyayya ce ko gwajin bugun zuciya? In suka ga wannan asibiti za su tura ki. Amma ba matsala. Ku dawo jibi."

Jibi muka koma, saura kwana bakwai. Ya juyo mana da fuskar kwamfuta yana washe baki. Ga Auta da Dogo a bakin teku, ta kwantar da kai a kafaɗarsa. Fuskokin nasu ne. Amma Auta ba ta taɓa ganin teku ba, kuma hannun da ke ƙirjin Dogo na da farata dogaye jajaye, alhali 'yata cin farcenta take yi tun tana rarrafe.

Ni ba fuska nake fara kallo a jikin mutum ba. Na matso, na sa gilashin aikina a ido. Dogo na cikin hoton yana ɗaure da agogo ruwan zinariya a hannun dama, ƙarfe huɗu saura minti goma. Dogo na gaskiya a hagu yake ɗaurawa, kuma baƙin agogo ne mai fata, ni na ba shi da hannuna. Na duba teburin. Hoton wasu ma'aurata ya leƙo daga wani fayil, na jawo shi. Teku ɗaya, farata ɗaya, agogo ɗaya, huɗu saura minti goma. A ƙarƙashinsa akwai na uku.

Na ce, "Yaro, mutum nawa ka aurar wa wannan hannun?"

"Haba Dattijo, wa zai tsaya duba agogo?"

"Ni na duba, kuma ba a biya ni don in duba ba. Su can an ɗauke su aiki ne don haka."

Bai ji kunya ba. Ya jawo wasu takardu ya ce ga hirar, ya gyara murya ya fara karantawa, a gabana, a gaban gwaggonta.

"Zumata, ruwan idona, tun da na bar ki abinci ya daina mini ɗanɗano. Ita kuma sai ta ce, sarkin zuciyata, da ina da fiffike..."

Auta ta sunkuyar da kai har haɓarta na taɓa ƙirji. Ni kuwa ji na yi kamar na taka abu mai laushi da ƙafa ba takalmi.

Na ce, "Dogon ne zai ce zumata? Mutumin da in ya ce sannu ya gama jawabi?"

Gwaggo ta taɓa ni da gwiwar hannu. "Yaya, kai fa ka cika tsauri. Kowa haka yake yi. So kake ta tsufa a bayan shagonka tana jin ƙarar agogo?"

Auta ta yi magana ba tare da ta ɗago ba. "A fom ɗin an rubuta, in suka kama takardar ƙarya shekaru za su hana ni nema."

"Ba matsala," in ji shi.

Ta tattara takardunta na gaskiya, ta goge man da ya shafa musu da gefen mayafinta, muka sauka. A bakin titi, tsakanin tarin tsofaffin tayoyi, ta tsaya ta dube ni.

"Na bar nasa, Baba. To da me zan je? Da hoton da aka yanke masa kai?"

Amsar na aljihun tebur na ƙasa a shagona, kuma ban so in buɗe shi ba.

Ni dai ina da wata ɗabi'a. Tun da ba na iya karanta takarda, ba na yar da duk wadda na ga hatimi a jikinta. Wanda bai iya karatu ba, hatimi ne ke gaya masa wadda za ta iya tashi wata rana ta kama shi ko ta cece shi. Aljihun cike yake. Da muka koma shago na zazzage shi a kan kantar, Auta ta shiga tsincewa. Ta sami takardun gidan waya goma sha huɗu na kayan da Dogo ya aiko mata, kowace da sunansa da nata da kwanan wata. Ta fara murmushi. Sai hannunta ya kai kan wadda nake gudu.

Bayan hutun da Dogo ya zo, Auta ta sami ciki. Yana wata biyar ya zube. Sai da aka yi mata aiki, kuma likita bai taɓa ta ba sai da ya kira mijin a waya ya amince, ya rubuta haka da sunan Dogo da lokacin kiran. Ranar da aka sallame ta ta dunƙule takardar ta jefa a kwandon shara. Na tsince ta, na danne ta mako guda a ƙarƙashin gilashin kantar shago har ta miƙe.

"Baba, ka ajiye wannan?"

"Hatimi ne a jiki."

"In kai musu shi su jujjuya, su sa masa lamba?"

"Ban ce ki kai ba. Kin tambaye ni da me za ki je, na nuna miki abin da ke akwai."

Ta shige ɗaki da wayarta ta rufe ƙofa. Na fita bakin shago na zauna, don ba ya kamata uba ya ji irin wannan maganar. Agogon bango na wani tela na hannuna, na kwance shi na ɗaura sau biyu ba tare da na gyara komai ba. Can ta fito idonta a kumbure.

"Ya ce in ba zan iya ba in bari, zai jira wata shekarar." Ta ja hanci. "Shi ya sa zan sa ta."

Kwana uku ta yi tana sauraron muryoyin nan tana rubutawa. Ta zaɓi ashirin ta kai wa wata dattijuwa mai fassara da hatimin kotu, wadda ta toshe kunnuwanta da waya ta saurara ɗaya bayan ɗaya ba ta ko ɗaga gira ba. Ɗaya kawai Auta ta karanta mini, don ni aka ambata. Dogo ne ke cewa, "Kin sha maganin? Ki ce wa Baba ya daina hawa kujera yana saita agogon bango, ƙafarta ɗaya na rawa." Iyakar zumar ke nan.

Saura kwana biyu muka je ofishin karɓar takardu. Wuri ne mai tsabta da sanyi, ana kiran mutane da lamba. Aka bar ni na zauna a benci kusa da kantar karɓar takardun saboda tsufa. Yarinyar da ke karɓa na taunar cingam, kofin shayi a gefenta. Kowane shafi sai ta lashi yatsa kafin ta ɗaga, ta tura shi cikin injin da ke ɗaukar hoton takarda. Ta lasa ta ɗaga takardar aure. Ta lasa ta ɗaga hoton Dogo mara goshi. Da ta zo kan ta asibiti sai ta tsaya, ta ɗaga murya yadda duk bencinmu ya ji.

"Wannan ta ɓarin, a wane rukuni zan sa ta? Lafiya ko dangantaka?"

Mutumin da ke kusa da ni ya juya yana leƙen fuskar 'yata.

"Dangantaka," in ji Auta.

"Ta yamutse, injin ba zai ja ba."

Ta shimfiɗa ta a kan kantar, ta ɗauki kofin shayinta ta goge ta da gindinsa, gaba da baya, kamar mai gugar wanki. Injin ya ja. Ta miƙo wa Auta ita da zoben shayi a kan sunan Dogo, ta kira lamba ta gaba. Na haɗiye abin da ya taso mini, don in na buɗe baki a wurin, ban san a wane rukuni za su sa fayil ɗin 'yata ba.

Mako bakwai bayan haka bizar ta fito. Gwaggo ce ta kawo mini labarin cewa Ba-matsala na gaya wa masu hawa matakalarsa aikinsa ne, har yana nuna hoton tekun. Na ce ta daina kawo mini sunansa lokacin da nake cin abinci.

Ranar da Auta ke haɗa kaya ta kawo mini fayil ɗin gaba ɗaya ta ce in mayar aljihuna. Sai ta zare ta asibitin.

"Wannan da ni za ta tafi. Uban cikin bai taɓa ganinta ba."

Na ce ta ba ni minti biyar. Na kai ta kan teburin aiki, na jiƙa auduga da ruwan da nake wanke gilashin agogo, na bi zoben nan a hankali ta gefe, ina kaffa-kaffa da tawadar likita. Na canza auduga sau uku. Bai fita ba. Haka na ninke ta na ba ta, ta sa a cikin fasfo.