Tsuntsayen Kaka Ladi

Suweiba ba ta gama cire rigar sanyinta ba Kachollom, abokiyar aikinta mai zuwa da safe, ta ja hannunta zuwa kicin.

"Kin yi latti. Ɗan Kaka Ladi ya zo da wata mata mai duba bango. Suna sama."

"Bas ce ta maƙale a Old Kent Road, Maman Zion. Wane bango kuma?"

"Bango nawa ake yi wa gata a gidan nan? Na ɗakin Kaka Ladi mana. An ga baƙi-baƙi a saman gado." Kachollom ta rage murya. "Na ce ban san komai ba. Amma hancina lafiyarsa lau, Hajiya. Kullum na karɓi shift daga hannunki sai in ji kamar ɗakin amarya na shiga."

Suweiba ta ƙara matse jakarta, inda ɗan kaskon turarenta mai aiki da lantarki yake naɗe cikin tawul.

Kaka Ladi Baturiya ce, ta haura casa'in. A Bukuru aka haife ta zamanin mulkin mallaka, mahaifinta yana aikin kuza, kuma mai renonta ce ta raɗa mata Ladi. Da tsufa ya taɓa mata ƙwaƙwalwa sai Turancin ya zube, Hausar yarinta ta dawo. Abin da ya sa ake turo mata masu jinya masu jin Hausa ke nan. Duniyarta yanzu ɗakin nan ne na tsohon gidansu a Camberwell, can ƙasarsu, mai takardar bango da aka zana da hannu a ƙasar Sin fiye da shekara ɗari biyu: itatuwa, furanni, da tsuntsayen da ba biyu masu kama da juna. Kowanne ta ba shi suna. Tun ranar farko aka ja wa Suweiba kunne: ba taɓawa, ba tururi, ba kyandir.

To, amma da la'asar ta yi sai tsohuwar ta rikice, tana kuka tana kiran Inna, mai renon nata. Wata rana ta kama mayafin Suweiba ta shinshina ƙamshin turaren wuta, ta yi shiru, har barci ya ɗauke ta. Washegari Suweiba ta zo da kasko. Ɗan kaɗan ne, ta ce wa kanta. Haka ta riƙa cewa tun bazara.

Suweiba ta hau sama. Matar mai duba bangon tana kan ɗan tsani da safar hannu da ƙaramar fitila. Ta goga auduga a hankali kusa da wani tsuntsu mai dogon bindi, ta nuna wa Mista Colin, ɗan tsohuwar. Audugar ta yi ruwan ƙasa. A hasken fitilar Suweiba ta ga abin da ta daɗe tana kau da kai a kansa: farin ƙirjin tsuntsun ya dushe, dauɗar ta miƙe sama daidai inda take ajiye kaskon.

"Ina zargin na'urar ɗumama ɗaki da ke kunne dare da rana," in ji matar da Turanci. "In ita ce, muddin ana jinya a nan zanen zai ci gaba da lalacewa. Sai dai in wani abu ake ƙonawa. Wannan da sauƙi, a daina kawai, ni kuma in goge."

"Babu abin da ake ƙonawa," in ji Mista Colin. "Masu kula da Mama sun san duk wadda ta yi haka ta bar aikin." Ya shafa fuskarsa, da ganin sa ya gaji. "Ƙungiyar adana kayan tarihi ba za ta karɓi gidan da lalataccen bango ba. Akwai care home, gidan kula da tsofaffi, da ta ce tana da gado. Mako mai zuwa sai a mai da Mama can."

Kaka Ladi, da ke jingine da filo tana kallon su kamar baƙin da suka ɓata hanya, ta hango Suweiba. Fuskarta ta washe.

"'Yar Inna, kin zo? Yau ba za a sa turaren ba? Tsuntsayena suna jira."

Mista Colin ya juyo. "Me ta ce?"

Ban da tsohuwar, ba mai jin Hausa a ɗakin sai Suweiba.

"Shayi take so."

"Don Allah kawo mata."

A kicin Suweiba ta ɗora buta, ta tsaya tana kallon ta. Kachollom tana ɗaura ɗankwali, za ta tafi.

"Za su kai ta care home," in ji Suweiba.

Kachollom ta dakata. "Wa zai ji ta a can? Ko ruwa ta roƙa sai su ce surutun tsufa ne."

"In na faɗa, an yi cancel ɗina daga gidan nan ke nan. Wataƙila har agency ɗin da ke turo mu ta cire sunana."

"Ni ban ce ki faɗa ba, 'yar uwa. Ban kuma ce kar ki faɗa ba." Ta saɓa jakarta, ta kai ƙofa, ta waiwayo. "Amma ki bar min mayafinki ɗaya. Na san inda take so a ajiye mata."

Butar ta tafasa ta kashe kanta. Daga sama Suweiba tana jin muryar Kaka Ladi, siririya, tana gaishe da tsuntsayen ɗaya bayan ɗaya, tana tambayar su ya gajiya.

Ta ɗauko tire ta shimfiɗa farin ƙyalle, ta jera kofi da cokali. Ta tsaya. Sai ta mayar da kofin cikin kabad, ta buɗe jakarta, ta kwance tawul ɗin. Ta ɗora kaskon a tsakiyar tiren, ta ajiye 'yar kwalbar turaren a gefensa, ta cire mayafinta ta rataye wa Kachollom a bayan kujera. Sannan ta fara hawa matakalar don ta nuna wa Mista Colin, tana riƙe da tiren da hannu biyu don kada ya karkarwa.